Rigar da Na Ɗinka wa Maƙwabcina

Na zo Greensboro, wani gari a jihar Carolina, a tsakiyar shekarun casa'in, bayan na ajiye aikin tafinta da na daɗe ina yi wa wani kamfanin sayen auduga. Aikin ya kai ni Khartoum da Iskandariya, ya kai ni Marseille da Kumasi da N'Djamena, har na saba da zama a garin da ba nawa ba. 'Yata ce ta matsa in zo in zauna da su. Ita da mijinta suna karatu a jami'a, suna haya a wani ƙaramin gidan katako a unguwar Glenwood. Da safe su fice, ni kuma in fito baranda da butar shayi ina kallon ɗalibai suna wucewa a kan kekuna. Ban taɓa zama babu aiki ba, kuma zaman bai karɓe ni ba.

Gidan da ke fuskantar namu na wani tsohon Bature ne, shi kaɗai yake zaune tun rasuwar matarsa. Wata Asabar na ga ya fito da hula mai kusurwa uku, da wando iya gwiwa, da doguwar safa, da wata riga mai geza a kafaɗa. Ya rungumo bindigar toka da ta kusa kai tsawonsa, ya kwantar da ita a bayan a-kori-kurarsa, ya ja ya tafi. Da 'yata ta dawo na ce mata maƙwabcinmu ya taɓu, a riƙa sa wa ƙofa sakata. Ta yi dariya har da riƙe bango.

"Baba, hobi ne fa, abin sha'awa kawai. Lafiyarsa ƙalau."

Ta yi mini bayani cewa a arewacin garin an taɓa gwabza yaƙi tsakanin sojojin Ingila da mutanen ƙasar, lokacin da suke ƙoƙarin ƙwatar kansu daga hannun sarkin Ingila. Duk shekara a watan Maris wasu mutane kan sa tufafin wancan zamanin, su kafa sansani, su maimaita yaƙin a gaban 'yan kallo. Maƙwabcinmu yana cikinsu.

Yadi ne ya haɗa ni da shi. Wata rana ina tsaye wurin akwatin wasiƙa ya tsallako, ya nemi izini, ya murza hannun kaftanina tsakanin yatsunsa, ya faɗa mini irin saƙar. Ni kuma na faɗa masa irin audugar da kuma ƙasar da aka nome ta. Ashe duk rayuwarsa gyaran injin saƙa ya yi a ɗaya daga cikin masaƙun garin, kuma inji ya cinye masa yatsu biyu a hannun dama. Tun daga ranar yake kirana Farfesa, saboda tabarau da littattafan da yake ganina da su. Na gaya masa sau biyu cewa ban taɓa koyarwa ba, sai na bar shi.

Shi ya fara kai ni wurin atisayensu, a wata gona a Summerfield, can bayan gari, inda ake kiwon dawaki. Ba zan ɓoye ba, akwai abin da ya ja ni. Na ga suna ƙyasta wuta da ƙanƙara da ƙarfe yadda kakana yake yi. Na ga mata suna tsoma lagwani a kitse suna fitar da kyandir, na ga ana gasa burodin masara a kan garwashi, ana zuba dalma a ƙera harsashi. Na fara zuwa laburare ina ɗauko littattafan yaƙin, har da waɗanda Faransawa suka rubuta da harshensu, waɗanda babu mai iya karanta su a ƙungiyar masu wasan sai ni. Wannan ɓangaren na so shi, har yanzu ma ina so.

Abin da na tsana shi ne mutuwarsu. Ina N'Djamena lokacin da faɗa ya ɓarke a cikin gari, na yi kwanaki a ƙarƙashin teburin ofis, kuma da na fito na ga abin da na gani a bakin titi. Na san yadda mutum yake faɗuwa idan harsashi ya same shi. Ba ya tsayawa ya duba ƙasa tukuna ko akwai kashin doki. Ba ya tura hularsa ƙarƙashin kai ya yi matashi da ita. A can gonar sai in ga ƙaton mutum mai tumbi ya dafe ƙirji, ya yi juyi biyu, ya zaɓi inuwa ya kwanta, can kuma ya ɗago kai ya ga ko matarsa ta ɗauki hoton. Nakan kawar da kai in koma wurin masu kyandir.

Gonar ta wani likitan haƙori ce. Shi ne mai filin, shi ne mai doki, shi ya kawo igwar da suke taƙama da ita, don haka a shekarar da na zo aka naɗa shi Kyaftin. Dogo ne, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa kamar kullum yana gaya wa mutum cewa haƙorin nan sai an cire. Ban taɓa ganin ya yi dariya da bakinsa a buɗe ba. Tun ganin farko jinina bai haɗu da nasa ba, shi ma na tabbata haka. Da aka gabatar da ni ya tambayi maƙwabcina, ba ni ba, ko ina jin Turanci. Na ba shi amsa da kaina, na ce ina ji, kuma in ya fi son Faransanci ko Larabci sai mu koma can.

Da hawansa muƙamin ya kafa doka. A zamanin yaƙin babu keken ɗinki, saboda haka duk wanda aka ga ɗinkin keke a jikin tufarsa ba zai shiga sahu ba ranar yaƙin Maris. Ya riƙa bin mutane ɗaya bayan ɗaya da wannan tabarau mai ƙara girma da yake leƙa bakin marasa lafiya da shi, da 'yar rula a hannu, yana juya gefen riga yana ƙirga ɗinki. Na zauna a ƙasashen da 'yan kwastan suke kwance wa mutum rawani su duba, amma ban ga mai jin daɗin bincike kamar mutumin nan ba.

Rigar maƙwabcina matarsa ce ta ɗinka masa a kan kekenta, shekaru da yawa kafin ta rasu. Kyaftin ya juya ta, ya duba, ya ce ba ta wuce ba. Maƙwabcina ya gaya masa wadda ta ɗinka. Kyaftin ya ce ya san ta, mace ce ta kirki, amma doka ba ta san wannan ba.

Muka kamo hanyar dawowa har muka shigo gari. Sannan ya gaya mini cewa likitan zuciyarsa ya ce bana ce shekararsa ta ƙarshe ta ɗaukar bindiga da tsayuwa cikin hayaƙi. Tun da aka fara wannan wasa bai taɓa fashin shekara ba. Ya ɗaga hannunsa mai yatsu uku daga kan sitiyari ya nuna mini, ya ce da wannan ko maɓalli ba ya iya sawa. Matan ƙungiyar da suka iya ɗinkin hannu kuwa aiki ya riga ya yi musu yawa, kowa ya ruga wurinsu.

Na ce masa ya sayo lilin, ni zan ɗinka.

Ya dube ni kamar na ce zan haihu. A wurinsa allura kayan mata ce. Sai na ba shi labarin zauren mahaifina a Zariya, inda maza takwas ko tara suke zaune a kan tabarma daga hantsi zuwa la'asar suna aikin babbar riga, babu mace ko ɗaya. A nan na tashi. Kafin in iya rubuta sunana na iya kalmasa, kuma in ɗinkina ya karkace mahaifina ba ya faɗa, reza kawai yake ɗauka ya farke ya miƙo mini. Boko ce ta ɗauke ni daga zauren, amma duk ƙasar da na je da allurata nake zuwa, ban taɓa ba wa tela gyaran kayana ba.

Maƙwabcina ya kawo lilin mara rini, da zaren lilin, da ɗan kakin zuma na murza zare, da takardar da Kyaftin ya raba mai zanen yadda rigar za ta kasance. Da na shimfiɗa zanen sai na ga ashe yankan bai yi nisa da namu ba. Duk ƙyallaye ne masu kusurwa huɗu, babu lanƙwasa, da ɗan ƙyalle a hammata don hannu ya sake. Mutanen da suka san wahalar saƙa ba sa yanka yadi ta yadda za a zubar da saura, ko a Zariya suke ko a Carolina.

Azumin shekarar ya faɗo cikin sanyi. Nakan zauna kusa da tagar falo daga ƙarfe tara, lokacin da haske ya fi kyau, in yi ta ɗinki har azahar. Idona ba kamar da ba, amma hannun bai manta komai ba. Labari ya kai masallaci ta bakin surukina. Akwai wani Alhaji ɗan Damagaram mai tuƙin tasi, wanda ba ya ganina ya ƙyale. Ranar Juma'a muna sa takalma ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malam, an ce ka shiga soja. Wane muƙami suka ba ka, telan bataliya?"

Na ce masa ai gara ni, zaune nake a ɗaki mai ɗumi. Ya ce bon, da ɗan Faransancinsa, shi dai abin da bai gane ba, mutane su ci su ƙoshi su tafi daji su yi ƙaryar mutuwa, ni kuma da furfurata ina ɗinka musu likkafani. Aka yi dariya, ni ma na yi, don rabin maganarsa ra'ayina ne.

Kafin Sallah na gama jiki da hannuwa da geza. Tsagar wuya kaɗai ta rage. Maƙwabcina ya ce mu kai a duba haka nan, don in akwai gyara a sani da wuri. Muka tafi gonar ranar atisaye. Kyaftin yana zaune a kan kujerar katako a bakin tantinsa, mutane sun yi layi. Da aka zo kanmu ya shimfiɗa rigar a cinyarsa, ya sa tabaran nan, ya ɗora rula a kan kalmasar gefe. Ya daɗe. Ya juya hannun riga, ya sake aunawa. Sannan ya ninke ta ya miƙa wa maƙwabcina, ya ce wannan aikin keke ne, kuma bai ji daɗi ba da aka yi ƙoƙarin yaudararsa.

An zage ni a harsuna da dama, wasu na rama, wasu na yi kamar ban ji ba. Amma ba a taɓa ce mini na yi ɗinki da keke na ce na hannu ne ba. Na ciro allura daga cikin hulata inda nake soke ta, na nemi guntun lilin a wurin wata mata mai yin kyandir, na zauna a kan wani kututture a gabansa, na ninka bakin ƙyallen na fara. Mutane suka bar layi suka kewaye ni. Da na yi kamar tsawon tafin hannu na gatsa zaren na ajiye masa a gwiwa, na ce ya auna.

Ya auna. Ya ɗora shi kusa da na rigar. Babu bambanci, kuma kowa ya gani.

Mutumin kirki da sai ya ba da haƙuri a wuce wurin. Shi kuwa sai ya sake hanya. Ya ce to, na hannu ne, amma ya yi kyau da yawa. Wai maƙwabcina talakan manomi yake wakilta, matar manomi kuwa a wancan zamanin ba za ta yi ɗinki mai laushi haka ba, nata manya-manya ne, a karkace. Na ji irin wannan magana a gidan tarihi a Marseille, na ji ta a Alƙahira daga bakin masu yi wa baƙi jagora. Mutumin da bai taɓa yin abu da hannunsa ba kullum yana zaton mutanen zamanin da ba su iya aikin hannu ba. Na gaya masa cewa matar da ta shuka, ta jiƙa, ta kaɗa zare, ta saƙa yadin nan da kanta ba za ta yi masa ɗinkin da zai ɓalle a wanki uku ba. Na ce akwai tsohuwar rigar manomi ta ainihi a cikin gilashi a wani gidan tarihi da ke yamma da mu, na je na gani da idona, ɗinkinta ya fi nawa ƙanana, ya ɗauki rularsa ya je. Wani malamin makaranta a cikinsu ya ce gaskiya ne, shi ma ya gani.

Da a nan na tsaya da ya wadatar. Amma ina azumi, raina a ɓace, ga mutane suna saurarona. Na ce masa:

"Kyaftin, in ɗinkin da kake yi wa dasashin mutane irin wanda kake nema a wurina ne, ka gaya mini inda asibitinka yake don in kauce wa titin."

Aka fashe da dariya, har da masu jajayen kaya da ke wasan sojan Ingila. Shi bai yi ba. Ya cire tabaran a hankali ya ninke, ya ce abin da aka ɗinka ya wuce, sauran kuma zai gani ranar yaƙi. Maƙwabcina ma bai yi dariya ba. A mota ya ce mini, "Farfesa, da ka bar shi haka." Na ce ai gaskiya na faɗa. Ya ce ya sani, amma ni ba ni ne zan tsaya a gabansa ranar Maris ba.

Bayan Sallah na zauna in gama wuyan. Ƙarshen tsagar wuya nan ne inda riga take fara yagewa, don haka kowace al'umma tana da yadda take ƙarfafa wurin. A zanen Kyaftin ɗan ƙyalle ne ake ɗorawa ta ciki, shi ke nan. A wurinmu kuwa akwai abin da muke kira linzami, ɗan aiki mai kusurwa huɗu da ake cikewa da zare a daidai wurin. Ina ɗinki ina sauraron rediyo, hankalina yana wani wuri, da na duba sai na ga hannuna ya riga ya yi rabin linzami. Ƙarami ne, bai fi faɗin babban yatsa ba, farin zare a kan farin yadi.

A nan ne ya kamata in ɗauki reza. Na san ba ya cikin zanen. Na san babu matar manomi a Carolina da ta taɓa yin irinsa. Na riƙe rigar a gaban taga na dube shi, ya zauna daram, ya fi duk wanda na yi tun ina saurayi. Sai na ce a raina, mutumin da bai iya bambanta keke da hannu ba, ina zai ga wannan? Har na ji ina so ya tsaya a gabansa da tabaransa ya kasa gani. Na ƙarasa shi. Da maƙwabcina ya zo karɓa ya sa rigar a falonmu, ya tsaya gaban madubi ya daɗe, 'yata tana tafa masa. Gemunsa ya rufe wurin. Ban ce masa komai ba.

Ranar yaƙin aka tashi da yayyafi. Mun isa filin da hantsi, motoci sun cika gefen hanya, an ja igiya inda 'yan kallo za su tsaya, ana sayar da kofi da gurguru. Aka bar ni na shiga sansani saboda tare muke. Mutanen Kyaftin suka jeru a gaban tantuna, ya fara bi. Wasu ya wuce su da kallo ɗaya. Da ya zo kan maƙwabcina ya tsaya, ya ciro tabaran. Bai duba gefe ba, bai duba hannu ba, kai tsaye ya sa yatsa ya ɗaga masa gemu, kamar yadda ake yi wa akuya a kasuwa. Ai ya san wuyan ne kaɗai bai gani ba.

Ya daɗe yana kallo. Sannan, karo na farko tun da na san shi, ya juyo ya yi mini magana ni da kaina.

"Wannan fa, Farfesa? A wane gidan tarihi ka gan shi?"

Na ce ƙarfafa wuya ne. Ya ce ya ga alama, kuma aiki ne mai kyau ƙwarai, daga wace ƙasa? Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya ce a iya saninsa babu rundunar da ta zo daga can. Wannan karon ma aka yi dariya, amma 'yar kaɗan, mutane suna kallon ƙasa.

Maƙwabcina ya sunkuyar da kai yana ƙoƙarin ganin wuyansa, bai ma san abin da ake magana a kai ba. Kyaftin ya gaya masa cewa da wannan abin ba zai shiga sahu ba. Na ce a ba ni minti ashirin da reza, zan warware shi zare ɗaya-ɗaya in sa ƙyalle yadda zanen ya ce. Ya ciro agogon aljihunsa mai sarƙa, ya ce saura minti biyar a buga ganga, kuma ba za a tsayar da mutum ɗari da 'yan kallo saboda ni ba. Ya ce akwai hanya mai sauri. Ya zaro wuƙar da ke ɗamararsa. Ya ƙara da cewa riga mai yaga ta ma fi dacewa da talakan soja.

Na ce kada ya kuskura. Na ce in ya yanke wurin tsagar za ta bi har ƙasa, aikin wata biyu ne. Na dubi maƙwabcina ina jira ya ce wani abu. Bai dube ni ba. Ya ɗaga haɓarsa sama, ya riƙe gemunsa da hannun nan mai yatsu uku, ya ce, "Yanke."

Kyaftin ya kama wurin ya yi masa yanka huɗu. Ya iya riƙon wuƙa, wannan ba zan hana shi ba. Ya miƙo mini ɗan ƙyallen a kan tsinin wuƙar. Ban karɓa ba, ya faɗi a cikin laka. Aka buga ganga.

Na koma bayan igiya na tsaya cikin 'yan kallo. Rundunar maƙwabcina ita ce ta gaba, ta manoma, waɗanda tarihi ya ce an umarce su su yi harbi biyu sannan su ja da baya. Na hango shi na huɗu daga hagu, yana ɗura albarushi a hankali saboda hannunsa. Jajayen kaya suka taso daga cikin itatuwa da ganga da sarewa. Aka yi harbin farko, hayaƙi ya rufe su, ƙasa ta girgiza da ƙarar igwa, wata mata kusa da ni ta toshe wa karenta kunne. Aka yi na biyu. Sauran suka juya da gudu. Shi ba ya iya gudu, don haka ya yi taku uku ya faɗi rubda ciki a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Bai duba ƙasa ba, bai yi matashi da hula ba, kuma bai motsa ba har aka gama, fiye da rabin awa ana yayyafi a kansa. Har na fara tunanin ko zuciyar ce. Kyaftin ya wuce ta gefensa a kan doki yana ɗaga takobi, mutane suna tafi.

Da aka busa ƙahon tashi ya miƙe da ƙyar, wani ya kama shi. Rigar ta tsage daga wuya har cibiya, kamar yadda na faɗa. Ya riƙe ta da hannu ɗaya, fuskarsa duk baƙin albarushi, abokansa suna dafa masa kafaɗa suna ɗaukar hoto da shi. Ya yi ta murmushi. Na jira shi a jikin mota.

Muka kama hanyar gida. Ya tambaye ni ko na san abin ba ya cikin zanen lokacin da na yi shi. Na ce da farko hannuna ne ya yi, ban lura ba. Ya ce ba farko ya tambaya ba. Na ce na sani.

Ya ce shi riga ya roƙa. Bai roƙi a yi faɗa da likitan haƙori a kan ƙirjinsa ba. Ya ce saura minti biyar ya rasa abin da ya shekara yana jira, a gaban mutanen da ya sani tun kafin in san akwai garin nan, kuma duk don in nuna wa wani cewa na fi shi ido. Na ce masa ni ma ban taɓa ganin namiji ya ɗaga wuya ya tsaya kamar rago ana yanka masa riga a jiki ba, kuma mutumin da ya wulaƙanta ɗinkin matarsa ne ya ba wa wuyan. Wannan maganar ta same shi. Ban janye ta ba.

"Na tsaya a sahu, Farfesa," in ji shi. "Abin da na je yi ke nan."

Ya tsayar da motar a ƙofar gidansa, ya sauke bindigarsa, ya shige ciki. Na tsallaka titi ni kaɗai. 'Yata ta tambaye ni yadda aka yi, na ce an yi lafiya, ya shiga sahu.

Na ƙara shekara biyu a gidan nan. Bai sake gayyatata Summerfield ba, ni ma da ya gayyace ni da ban je ba. Bai kawo rigar a gyara ba, ban kuma ce ya kawo ba. In mun haɗu wurin akwatin wasiƙa yakan ɗaga hannu, in ɗaga nawa, kowa daga gefensa na titi.